Yadda za ka kula da zuwan ɗanka makaranta, da abin yi ranar da fashi ya zama dole

Ranar raba katin sakamako, uba yakan karɓi na ɗansa, idonsa ya tafi kai tsaye inda aka rubuta na nawa ya zo, na biyar ko na talatin, sai ya ninke ya sa aljihu. A jikin katin nan kuwa akwai layuka biyu da kusan ba mai dubawa: sau nawa aka buɗe makaranta, sau nawa yaron ya halarta. Na daɗe ina kiran suna a ajin firamare a ƙasar Argungu, kuma yawancin yaran da na ga sun bar karatu ba rana ɗaya suka bari ba. Yau an aike shi kasuwa, jibi ana suna a gidan kawu, mako mai zuwa ana korar tsuntsu a fadama. Har ya kai ranar da in ya shigo aji ba ya gane abin da ake yi, shi da kansa ya ce ba ya so.

Abin da ya fi ci mani rai ba fashin ba ne, shirun da ke biye da shi ne. Yaro ya ɓace kwana goma, ba saƙo, ba aike, malami bai san ko ciwo ne ko ƙaura ba. Saboda haka ga yadda ake bi, daki-daki.

Fara da sanin yadda ake ƙirga

Kowane aji yana da rajista, kuma sau biyu ake cika ta a yini, da safe da kuma rana. Wanda ya amsa a ja masa ɗan layi, wanda ba ya nan a zagaya masa sifili. Shi ya sa a kati da yawa za ka ga an rubuta makaranta ta buɗe sau 120 a zangon da bai wuce kwana 60 ba. In katin ɗanka irin wannan ne, raba lambar biyu, ka sami kwanaki. Yaron da ya amsa da safe ya sulale lokacin tara, rabin yini ya samu.

Yanzu yi wannan lissafi da ni. Shekarar karatu zango uku ce. A ɗauka kowane zango mako 12 ne, kwana biyar a mako, ya zama kwana 180 a shekara. Yaron da ake tsayarwa ranar kasuwa kaɗai, sau ɗaya a mako, ya rasa kwana 36 a shekara. A shekara shida ta firamare, kwana 216 ke nan. Fiye da shekarar karatu guda cur ta tafi, kuma uban zai rantse maka ɗansa ba ya fashi. Gaskiya yake faɗa a yadda yake gani. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ka san kuma abin da doka ta ce. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, ta kuma ɗora wa mahaifi ko mariƙi alhakin ganin yaro ya je ya kammala. Wanda kotu ta samu da saɓa wannan, karon farko gargaɗi ne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya ko duka biyun, daga nan kuma naira 5,000 ko wata biyu ko duka. Ban kawo wannan don in tsorata kowa ba. Na kawo ne don a daina ɗaukar zuwan yaro makaranta kamar alfarma ce ake yi wa hedimasta.

Makon farko: je da ƙafarka

Mutane da yawa sun ɗauka makon farko na zango shara ce da nome ciyawar fili, don haka sai mako na biyu ko na uku suke sako yara. A makon nan ne ake rubuta sunaye a sabuwar rajista, ake raba wurin zama, a wasu makarantun har da littattafai in an kawo. Mai zuwa a makare yakan tarar an gama. Kalandar ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba, ma'aikatar ilimi ce ke fitar da ita kowace shekara, kuma takan canza. A 2025 Kebbi na cikin jihohin da suka gyara tasu har hutu ya faɗa kan watan azumi. Kada ka dogara da "bara ma haka aka yi". Tambayi ranar komawa tun ranar da aka ba da hutu, ka sa a rubuta a bayan kati.

In ka je, nemi malamin ajin ɗanka, ba hedimasta kaɗai ba. Shi ke riƙe da rajista, shi zai fara lura yaro ba ya nan. Ku gaisa, ka faɗi sunanka da unguwarku, ka ba shi lambar wayar da ake samu, ka karɓi tasa. In ba ka da waya, ba da ta maƙwabci ko ta mai shagon ƙofar gida. Duba kuma yadda aka rubuta sunan yaron. A aji ɗaya sai ka sami masu suna iri ɗaya huɗu, ana yi wa wannan sifilin wancan, kuma sunan da aka rubuta yanzu shi zai bi shi har takardar jarrabawa.

Sannan ka yi tambayoyin nan, domin amsarsu ta bambanta daga makaranta zuwa makaranta, musamman masu zaman kansu da na kwana. Ƙarfe nawa ake asembili, kuma daga wane lokaci ake ɗaukar yaro ya makara? In ba shi da lafiya, wa za a gaya wa? Kwana nawa ne sai an kawo takardar asibiti? Kwana nawa yaro zai yi ba labari kafin a cire sunansa? A wane mako ake gwajin tsakiyar zango? Wannan ta ƙarshe kada ka manta da ita. Makin gwaje-gwajen cikin zango ana haɗa shi da na jarrabawar ƙarshe, yaro mai ƙoƙari ma in ya rasa gwaji biyu sai ka gan shi a ƙasa.

Daren jiya ke gyara safiya

Makara ƙanwar fashi ce. Yaron da ya san in ya isa bulala ce ke jiransa a bakin ƙofa, sau da yawa sai ya juya ya laɓe a kango har a tashi. A wanke yunifom tun la'asar, a haɗa jaka bayan isha'i, a ɗebo ruwan safe tun yamma. Ko ɗumame ne ko koko, a sa wani abu a cikinsa kafin ya fita. In yana karatun allo bayan asuba, je ka sami malaminsa cikin ladabi ka roƙi a sallame shi da wuri, ya koma da yamma ko da dare. Ban taɓa ganin wanda ya je da girmamawa aka koro shi ba.

Iyaye mata, tallar safe ita ke cinye 'yan mata. Na san da kuɗin tallar nan ake cefane, da shi ake tara kayan ɗaki, ba zan yi kamar ban sani ba. Amma a mayar da ita bayan an taso, ko a kafa tire a ƙofar gida. Yarinyar da ta fita da ƙosai ƙarfe bakwai ba ta dawowa sai hantsi, darasin lissafi kuwa galibi da safe ake yi.

Ranar da yaro ya tashi ba lafiya

Dubi jikinsa tukuna. In da zazzaɓi, ko amai, ko gudawa, ya zauna gida a nemi magani. Kada a ba shi farasitamol a tura shi, zafin zai dawo kafin azahar, malami kuma ba shi da abin yi masa. Zazzaɓi a kai shi a gwada jini, in na cizon sauro ne a shanye maganin duka, kada a tsaya don ya ji sauƙi a kwana na biyu. Ya koma aji bayan ya yi yini da kwana ba zafin jiki. Mai gudawa ko amai a ba shi ruwan gishiri da sukari, a jira kwana biyu bayan ta tsaya. Ƙyanda tana yaɗuwa har kwana huɗu bayan fitowar ƙuraje, ƙarambau kuma sai ƙurajen sun bushe duka. Amma 'yar mura ta hunturu ba zazzaɓi, ba ta kai ta hana zuwa ba, a sa masa rigar sanyi ya tafi.

Lokacin zafi, in ka ga zazzaɓi mai tsanani da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ba maganar makaranta ake ba, asibiti ne nan take. Mutanen Gwandu da Jega da Aliero sun ga abin da sanƙarau ya yi a farkon 2025. Ka kuma sanar da makaranta, don akwai 'ya'yan wasu da suka zauna benci ɗaya da shi.

Saƙo ya isa makaranta a ranar, kafin a kira suna in da hali. Kira malamin aji, ko ka tura saƙon waya, ko ka aiki babba. Aiken yaro ɗan'uwansa yakan tsaya a hanya. In ka fi son takarda, ba sai da Turanci ba:

"Assalamu alaikum. Zuwa ga malamin aji huɗu. Ni ne mahaifin wane. Ya kwana da zazzaɓi, za mu kai shi asibiti yau. Ina neman a yi masa uzuri na kwana biyu, in abin ya wuce haka zan sake sanar da kai. Na gode."

Sa kwanan wata da sunanka da lambar waya. Shi ke nan. Katin asibiti ko takardar magani kuma a adana, ita ce shaidarka in an rasa gwaji.

Yaro mai sikila ko asma ko farfaɗiya, kada a ɓoye. Gaya wa malamin aji da hedimasta tun farkon shekara, don kada a sa shi aikin rana ko a ɗauki yawan kwanciyarsa lalaci ne. 'Yan mata kuma da suka fara al'ada, da yawa suna rasa kwana uku ko huɗu kowane wata saboda ciwon mara ko rashin ƙunzugu ko tsoron ɓata yunifom, kuma ba za su faɗa wa uba ba. Uwa ta lura da kwanakin, ta tanadar mata abin da take bukata, ta sami malama mace guda da yarinyar za ta iya zuwa wurinta ba kunya.

Fashin da ka san yana tafe

Biki, suna, tafiya, aikin gona, duk ba sa zuwa ba zato. Nemi izini kwana biyu ko uku kafin ranar, ka faɗi ranar dawowa, ka cika alkawari. Tambayi kanka ma ko dole ne yaron ya je. Ɗaurin aure awa ɗaya ne, amma sai a kwashi yara tun ranar kamu har bayan kai amarya. Rasuwa daban ce, ba mai neman izini kafin ta, sai dai a aika daga baya, kuma ba sai yaro ya zauna har sadakar bakwai ba.

Gona ita ce babbar magana a Kebbi, a nan zan ɗan daɗe. Daga Argungu da Augie zuwa Suru da Bagudo, shinkafa ba ta barin gida ya huta: dashe, ban ruwa a noman rani, korar jan-baki in ta fara nuna, yanka, bugu. A Aliero kuma albasa ce. In ka tambayi uba ina yaro, sai ya ce, "Malam, ai shina fadama, in an ƙare yanka shi dawo." Ba mugunta ba ce, kuɗin ɗan ƙwadago ne babu. Ni ma ɗan manomi ne, ba zan ce yaro kada ya taɓa lauje ba. Abin da nake roƙo shi ne a tsara. Aikin da ke son hannu da yawa a ajiye shi Asabar da Lahadi, ko a yi gayya da maƙwabta. Korar tsuntsu, wadda ita ta fi cin kwanaki, a raba: babba ya tsare safiya, yaro ya karɓa bayan an taso. In ba makawa sai an ɗauke shi, a faɗa wa malami kwana nawa ne, a kauce wa makon gwaji, kuma kada ya zama yaro ɗaya ne kullum ake cirewa. Sau da yawa mai hankalin gidan, wanda ba ya musu, shi ake ta aikawa, shi ne kuma zai fi amfana da aji. Ɗan aji shida da ɗan aji uku na ƙaramar sakandare kuwa, masu jarrabawar fita a gabansu, a ƙyale su gaba ɗaya a wannan shekarar.

Masunta da makiyaya da ke tashi da iyali na watanni, ku je wa hedimasta kafin tafiya. Tun 1989 akwai hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa, aikinta kuma ya haɗa da 'ya'yan masunta masu ƙaura. Tambayi ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ko akwai irin makarantar nan kusa da inda za ku sauka.

Ruwa da tsaro

Akwai ranar da ni da kaina zan ce kada ka tura. In gulbi ya cika ya shafe hanya, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020, ko kwale-kwalen da zai tsallaka da yara ya yi lodi fiye da kima kuma ba rigar kariya, ya zauna. Haka in an kwana da labarin 'yan bindiga a kusa. Bayan sace ɗalibai da aka yi a kwalejin tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yuni 2021, da na makarantar 'yan mata ta Maga a Nuwamba 2025, ba wanda zai ce wa uba tsoronsa ba shi da dalili.

Sai dai ko a nan, kada a yi shiru. Kira hedimasta ka ji abin da ya sani, ka tuntuɓi mai unguwa, don wani lokaci jita-jita ce ke kwashe makaranta mako biyu. In barazanar ta gaske ce, ku haɗu ku iyaye, ku kai magana ga kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, ya isar wa uban ƙasa da sakataren ilimi. Ku tsara yara su riƙa tafiya a ayari tare da babba. In abin ya ƙi ƙarewa har za ka mayar da yaro wurin dangi a Zuru ko Yauri ko Birnin Kebbi, karɓi takardar canjin makaranta da katinsa na ƙarshe kafin ya tafi. In babu su, sai a mayar da shi aji na baya ko a yi ta yawo da kai. In kuwa gudun hijira ne ba a samu ɗaukar komai ba, je makarantar gwamnati mafi kusa ka yi bayani, ka nemi a gwada shi a sa shi ajin da ya dace.

In yana fita da yunifom amma ba ya isa

Wannan yakan daɗe kafin a gane. Hanya mafi sauƙi ita ce littafin rubutu. Kowane darasi da kwanan wata a samansa. Duk Juma'a ka buɗe, ko ka sa wani ya duba maka in ba ka karatun boko. In daga Litinin aka tsallaka zuwa Alhamis, akwai magana. Wata rana kuma ka biya ta makarantar ba sanarwa, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ka leƙa ajin.

In ka kama shi, riƙe bulalar tukuna, ka tambaya. Na ga wanda ke gudu saboda wani babban yaro na ƙwace masa kuɗin tara. Na ga wanda wandonsa ya yage ana yi masa dariya. Na ga wanda ba ya ganin allo daga baya, ba wanda ya taɓa duba idonsa. Mafi yawa kuma, yaron da ya kai aji biyar bai iya karatu ba, kullum ana tashe shi ya karanta ana dariya. Kowanne da maganinsa, kuma dukan yaro ba ya cikinsu. Je da shi wurin malamin aji ku zauna ku uku. Ku yi yarjejeniya: mako biyu, malami ya riƙa sa hannu a bayan littafinsa kullum, kai kuma ka duba da dare. In kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai (PTA) ne ake korarsa a kai, je da kanka ka yi bayani ka nemi lokaci, kada ka bar yaro ya ɗauki kunyar bashin da ba nasa ba.

Wani lokaci kuma laifin ba na gida ba ne. Yara su je su yini ba malami, gobe ma haka, har uba ya ce gara gona. Wannan ƙorafi ne na gaskiya, amma cire yaro ba ya gyara shi. Rubuta ranakun. Fara da hedimasta, in ba a ga canji ba sai SBMC, sai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sai hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, a Birnin Kebbi. Ku je ku uku ko huɗu, da ranaku a rubuce, cikin mutunci.

Ranar komawa

Bayan fashin da ya wuce kwana uku, raka shi da kanka ko ka haɗa shi da babba. Ka nuna takardar asibiti in akwai, ka tabbatar sunansa na nan a rajista, ka tambayi ko an yi gwaji a bayansa da yadda za a ba shi dama ya rama. Ya ari littafin abokinsa mai rubutu mai kyau ya kwafi abin da ya wuce, darasi biyu a dare, kada a tara masa duka rana ɗaya. Lissafi shi ne ba ya kwafuwa, sai an zauna an nuna masa, don haka nemo yayansa ko wani ɗan sakandare a unguwa. Idan 'yarka na cikin masu karɓar tallafin AGILE, shirin bunƙasa karatun 'yan mata wanda Kebbi na cikin jihohin farko da suka shiga, ka tuna zuwa makaranta na cikin sharuɗɗansa, don haka a rubuta uzurinta.

Wanda ya yi zango guda ko shekara a gida ma ana mayar da shi. In hedimasta ya gwada shi ya ce ya maimaita aji, ka yarda, ka kuma riga 'yan gida faɗa cewa ba wanda zai kira shi daƙiƙi a kan haka. Roƙi a zaunar da shi a benci na gaba. Kafin ka bar makarantar ranar, ku tsayar da rana kai da malamin aji, bayan mako biyu, da za ka dawo ku buɗe rajista tare ku ƙirga.